Ɗorewar ceto ko tabbacin ceto?

1/ 'Yan'uwa, ku taya ni nemo wata kalma. Ranar Lahadi na yi wa wani baƙon mai wa'azi tafinta, sai ya ambaci "eternal security", wato koyarwar da ke cewa wanda Allah ya cece shi da gaske ba zai taɓa rasa cetonsa ba. Bakina ya suɓuce na ce "tsaro na har abada". Bayan sujada wata dattijuwa ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, wane irin tsaro kuma? Na masu gadi?" Ta fi ni gaskiya.

2/ Kalmomin "ceto" da "alheri" sun daɗe da zama a bakinmu, ga shi muna da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Wannan kalma ta ukun, wato "eternal security", ita ce har yanzu ba ta da mazauni.

3/ Da yawa suna cewa "tabbacin ceto". Ni dai bai kwanta mini ba. Tabbaci a zuciyar mai bi yake, shi ne zancen 1 Yahaya 5:13, mutum ya san yana da rai madawwami. Wani yakan kwana yana kuka da shakka alhali yana hannun Ubangiji, wani kuma ko gezau, yana ruɗin kansa. Idan muka haɗa tabbacin zuciya da rashin rasa ceto a kalma ɗaya, mai raunin zuciya zai ɗauka shakkarsa ta kore shi daga ceto. Wannan ne ke ci mini rai.

4/ Shawarata ita ce "ɗorewar ceto". Da ita ana iya auna wa'azi da tambaya ɗaya: wa ke ɗorar da shi? Mai wa'azin da ya karanta Yahaya 10:28-29, inda Yesu ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa, sai mu jira mu ji yadda zai yi da gargaɗin Ibraniyawa 6:4-6 a kan waɗanda suka ja da baya daga bangaskiya. In ya tsallake ɗaya, rabin aiki ya yi.

5/ Kalmar kuma ba ta ɗauki ɓangare ba. Mabiyan Arminiyus, wani malamin tauhidi ɗan Holan, a 1610 sun bar batun a buɗe, majalisar ikilisiya ta Dort a Holan, 1618 zuwa 1619, ta ce zaɓaɓɓu za su jure har ƙarshe domin Allah ne ke kiyaye su. Kowannensu zai iya cewa "ɗorewar ceto", ya amince ko ya musa. Masu yin tafinta, ku gwada ta a kunnen jama'a ku gaya mini yadda ta sauka.