Gidan yuro 1 a Italiya: zai ba ni takardar zama?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni magini ne a Tawa, shekara 14 ina wannan sana'a, har bida na yi Abijan sau biyu. Watan jiya ƙanena ya turo mini bidiyo ta WhatsApp: wasu garuruwa a tsibirin Sisili, irin su Mussomeli, suna sayar da tsofaffin gidaje yuro 1, wato sefa 656, don matasansu sun watse sun bar gari. Na ce to, gyaran kango ai aikina ne.

Da na bincika sai na ga abin da wuya. Dole a gyara gidan cikin shekara 3, ga kuɗin ajiya da kan kai yuro 5,000, sama da sefa miliyan 3, ban da na notaya, wato mai tabbatar da takardun saye. Na ƙara kallon hotunan da idon magini: rufi ya rufta, bango ya tsage tun daga tushe.

Inda na maƙale shi ne takarda. Wani mutum a Yamai ya ce in ba shi jika 400, da na sayi gidan za a ba ni izinin zama. Wani kuma ya rantse mallakar gida ba ta ba da komi, bizar Shengen ta ziyarar Turai ta kwana 90 ce kawai, kuma ba a aiki da ita. Maiɗakina ta ce kar in kuskura in taɓa kuɗin filinmu.

Don Allah wanda ke zaune Italiya, ko ya taɓa shiga ofishin jakadancinsu na Yamai, wanne ne gaskiya? Kuma ɗan Nijar yana da ikon sayen gida can kuwa?