Neman kalma: me za mu kira "upcycling" da Hausa?

Mai fassara, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Ana shirya takardar koyar da mata sana'ar hannu, sai kalmar upcycling ta tsaya a maƙogwaro. Abin da take nufi shi ne a ɗauki abin da aka yar, buhun shinkafa ko ƙyallen tela ko tsohon wandon jins, a yanka a ɗinka ya koma wani abu dabam da ya fi shi kuɗi, a kai kasuwa ko a raba a biki. "Sake sarrafawa" an riga an ba recycling, shi ake ji a rediyo kullum. To wannan fa? Ana son kalmar da za ta zauna a takarda, ta kuma zauna a bakin mai talla.

Malamin Hausa, Zariya:
Wa alaikumus salam. Ko a Turancin kalmar ba tsohuwa ba ce. An ji ta a 1994 daga bakin wani Bajamushe, Reiner Pilz, yana sukar yadda ake farfasa tsofaffin kayan gini a niƙe su, daraja ta faɗi. Littafin Cradle to Cradle na 2002 shi ya ƙara yaɗa ta. Kafin a jefo kalma a san sharuɗɗanta uku: kayan yasasshe ne, ba a narka shi ko niƙa shi ba, kuma abin da ya fito ya fi na farko daraja. Duk kalmar da aka kawo a gwada ta da waɗannan.

Ɗan Panteka, Kaduna:
Ni ban ga abin wahala ba, Malam. Jari-bola mana. Ai sunan yana nan tun tuni.

Malamin Hausa, Zariya:
Ɗan jari-bola tsinta yake yi, ya tara, ya kai sikeli a auna a biya shi. Ba ya yanka, ba ya ɗinka. Shi ke kawo kayan aiki, mai aikin dabam.

Malamar ɗinki, Fagge:
Ku ma bar zancen bola da shara gaba ɗaya. Ranar da aka rubuta "jakar bola" a kan tebur, ranar ciniki ya mutu. Wace uwar biki za ta raba wa ƙawayenta abin da aka kira bola? Kuma kada wani ya ce "'yar shara", wannan suna na riga ne tun kakanni.

Bari a ga yadda aikin yake, wataƙila kalmar ta fito daga ciki. Buhun shinkafa mai kilo 50 jaka biyu yake bayarwa. A raba shi biyu a tsakiya. Rabin ƙasa ya zo da gindinsa a ɗinke, na sama ne kaɗai za a ɗinke wa gindi. Matsalar buhu warwarewa: da an sa almakashi zaren robar zai fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Maganinsa a yanka da wuƙar da aka ɗora a wuta, ko a bi bakin da harshen kyandir da sauri ya ɗan narke ya kame. Sannan a yi kalmasa ninki biyu, inci ɗaya ɗaya. Hannu kuwa ba a laƙa shi a baki kawai. A sauko da shi inci uku, a ɗinka murabba'i, a giciye cikinsa, in ba haka ba mudu huɗu na masara zai tsinke shi. A sa shafi na atamfa a ciki don kyau da ƙarfi. Buhun taki da na maganin ƙwari ba sa shiga jakar cefane ko an wanke. Wanda ya sha rana kuma har ya fara gari in an murza, ya gama yayi, a bar shi.

Hajiya mai kayan biki, Katsina:
To "kwaskwarima" fa? Ko "sabuntawa"?

Malamar ɗinki, Fagge:
Hajiya, kwaskwarima mota ake yi wa ta koma mota, ɗaki ya koma ɗaki. Sabuntawa ma haka. Faci da maho su ma gyara ne, riga ta yage an toshe, tana nan rigarta. Nan kuwa buhu ya daina zama buhu.

Ɗan Panteka, Kaduna:
Ga tawa ta biyu: "tayar da komaɗa". Asalinta ma aikin ƙarfe ne, kwano ya lotsa a buga shi ya miƙe.

Malamin Hausa, Zariya:
Tana da daɗin faɗa, amma kwanon ya koma kwano, ka ga gyara ke nan. Kuma 'yan jarida sun riga sun ja ta zuwa maganar tattalin arziki. Na so in kawo "raya kaya", sai na nemi sunan mai yi na ga zai faɗa kusa da maraya da marigayi, na janye. "Sauya fasali" ta kama ma'anar sosai, domin fasalin ake sauyawa, jikin kayan yana nan. Sai dai tun sauya fasalin naira na 2022 da wahalar kuɗin da ta biyo baya, kalmar ba ta da farin jini a kasuwa.

Mai fassara, Kano:
Wani ya turo mini "ɗaga-tsoho" ta bayan fage, wai saboda "up" ɗin upcycling, wato sama.

Hajiya mai kayan biki, Katsina:
Wannan sai a gidan jinya.

Ɗan Katako, Yamai:
Gaisuwa ga manya. Masu Faransanci sun ce surcyclage, bin Turancin suka yi sawu da ƙafa, mu kada mu yi haka. Aikin nan ya girme kalmar a wurinmu. Gwangwanin madara da ake fasa wa murfi a sa lagwani ya zama aci-balbal, tyub ɗin mota da ake yi wa baki da ƙarfe ya zama guga, tsohuwar ganga da ake yankawa a buga akwati ko murhu, duk ana yi a kasuwar Katako kamar yadda ake yi a Panteka, kasuwar masu ƙira da tsofaffin ƙarafa ta Kaduna. Takalmin taya ma haka, kuma a nan akwai abin lura: tayar da ke da waya a ciki ba ta yankuwa da wuƙa, in ma an yanka wayar za ta ɓullo ta soki ƙafa. Mai zare a ciki ake nema. Ana jiƙa wuƙa da ruwa tana tafiya sumul.

Tambayata ɗaya. Masu zuba tukunya suna narka gwangwanayen lemo da tsofaffin sassan inji na alminiyum, su zuba a cikin ƙasar da aka daddanna a akwati, tukunya ta fito. Ta fi gwangwani daraja nesa ba kusa ba. Wannan wane ne a ciki?

Malamin Hausa, Zariya:
Tambaya mai kyau, kuma ko Turawan ba su gama daidaitawa a kan irinta ba. Ni dai a ganina duk abin da ya shiga wuta ya zama ruwa, ko ya shiga inji ya zama gari, sake sarrafawa ne, ko da daraja ta hau. A bar iyakar a nan, domin ita ce mai koyo zai iya gani da idonsa. In ka duba jaka ka gane buhu ce a da, namu ne. In ka duba tukunya ba ka ga gwangwani ba, na sake sarrafawa ne.

Tsohon tela, Kantin Kwari:
Ku yara kuna ta neman abin da ke bakinku. Me mace take cewa in ta kawo tsohon zanenta shago? "Baba, a juya mini wannan ya zama rigar yarinya." Kwalar riga in ta ci, farke ta ake yi a juya cikinta waje. Babbar riga in ta koɗe a kafaɗa, a juya ta a fitar da kaftanin yaro daga inda ke da sauran ƙarfi. Sunan aikin juyi.

Tunda an zo nan, ga yadda ake juya ƙyallaye, don nan ne masu koyo suka fi ɓarna. A ware su tukuna: atamfar auduga gefe ɗaya, mai roba gefe ɗaya, shadda gefe ɗaya, leshi a ajiye shi don ado kawai. In aka haɗa auduga da mai roba, wankin farko audugar za ta shige, ɗayan yana nan yadda yake, sai ɗinkin ya tattare kamar fatar tsohuwa. Don haka a wanke duka, a shanya, a goge, sannan a yanka. A gwada zuba: a jiƙa farin ƙyalle a goga a kan ja da shuɗi da baƙi, wanda ya bar launi a fitar da shi, ƙyalle ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata aikin kwana uku. A yanka kwali murabba'i mai inci 5 ya zama ma'auni. In an bar rabin inci na ɗinki kowane gefe, kowane yanki zai tsaya a inci 4. Shimfiɗar jariri mai inci 36 da 48 tana cin layi 12, kowane layi yanki 9, jimla 108. A yanka bin zaren yadi. Wanda aka yanka a karkace miƙewa yake yi a ƙarƙashin keke, kusurwoyi su ƙi haɗuwa. A haɗa layi layi, a kwantar da ɗinkin layi na farko dama da dutsen guga, na biyu hagu, saboda kada kauri ya taru wuri ɗaya. Wanda ya tsallake guga zai gani a mahaɗa.

Jins kuwa daga gwanjo, a ja shi a gani. Mai talewa ba ya yin jaka, saki yake yi. Allura lamba 18, kuma inda ɗinki ya ninku huɗu a daka shi da guduma tukuna, a juya keken da hannu a wuce wurin. Allurar da ake karyawa a wannan gaɓa ba ta ƙirguwa.

Malamin Hausa, Zariya:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan ta fi duk abin da muka kawo, domin tana haihuwa: juyi, kayan juyi, ɗinkin juyi, jakar juyi, mai juyi, masu juyi. Aikatau ma ga shi a shirye: ta juya buhu ya zama jaka. Ba a ƙirƙiro komai ba, faɗaɗa ma'ana kawai aka yi.

Hajiya mai kayan biki, Katsina:
Ina da ja kaɗan, Malam. Juyi yana da yawa: juyin mulki, juyin waina, juya kuɗi a kasuwa. Ga kuma juya, saniyar da ba ta haihuwa. Kuma ina darajar da kuka ce sharaɗi ce? Wanda ya yayyaga zani ya yi tsumman goge-goge, ko ya cusa ƙyallaye a matashin kai, shi ma ai ya juya.

Malamin Hausa, Zariya:
Ta saniyar ba ta shigo ba, tunda sunan da za mu yi amfani da shi juyi ne. Yawan ma'ana kuwa abin da ke biye ne ke warwarewa, ba wanda zai ji "jakar juyi" ya tuna soja. Ta darajar ce kika yi gaskiya. Don haka a rubutu, farkon ambato a sa cikakke: juyin ƙara daraja. Na tsumma kuma juyin rage daraja, ka ga mun samu ta downcycling a kyauta. Bayan ambaton farko sai a ci gaba da juyi kawai.

Malamar ɗinki, Fagge:
Na gwada a baki: "Hajiya ga jakunkunan juyi, na rabon biki." Ba kunya a ciki. Ya zauna.

Tunda takardar koyarwa ce, a sa ledar fiya wata, ita ce ta fi yawa a kwata kuma ita ta fi ba da wahala. A Accra kamfanin Trashy Bags ya daɗe yana ɗinka jakunkuna da ita. A yanke baki ɗaya, a wanke ciki da waje da omo, a jiƙa a ruwan da aka ɗiga wa bilic, a ɗauraye, a shanya a buɗe har cikin ya bushe ƙarau. Ɗigon ruwa ɗaya in aka ɗinke shi a ciki, bayan mako baƙin fumfuna ne da wari. Allura lamba 16, a buɗe tazarar ɗinki zuwa mafi tsawo. Ɗinki mai matsi huda ledar yake yi a jere, sai ta yage a kan layin kamar takardar rasit. Kuma ba a farke ɗinki a leda, ramin ya zauna ke nan. In tana manne wa ƙafar keke, a shimfiɗa takarda a sama a ɗinka tare, a yage ta daga baya. Masu haɗa ninki huɗu zuwa shida da zafin guga su sa takarda sama da ƙasa, wuta ƙasa-ƙasa, a waje inda iska ke wucewa. Dutsen gawayi ba ya wannan aikin, zafinsa ba ya saituwa, yanzu bai kama ba yanzu ya huda.

Wajen sa kuɗi kuma, masu koyo ɗinkin kaɗai suke lissafawa saboda kayan kyauta ne. Tsinta da wanki da warewa sukan fi ɗinkin cin lokaci. Ga zare, zif, shafi, omo, ruwa. Wadda ba ta sa su a lissafi ba aikin banza take yi.

Ɗan Panteka, Kaduna:
Na bi. Amma mu masu ƙarfe "ƙira" muke cewa, ba za a raba mu da ita ba.

Tsohon tela, Kantin Kwari:
Ba wanda ya hana ka. Ƙirar juyi, ɗinkin juyi, saƙar juyi.

Mai fassara, Kano:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Abin da zai shiga takardar: recycling sake sarrafawa, upcycling juyin ƙara daraja ko juyi a taƙaice, downcycling juyin rage daraja, reuse sake amfani. Za a karanta wa matan a aji a ji ko ya shiga kunne. Baba, shafin shimfiɗar jaririn nan, yadi nawa za a rubuta?

Tsohon tela, Kantin Kwari:
Ɗaya da rabi, na auduga, shi ma a wanke shi kafin a yanka.