Wane tef zan naɗa wa haƙoran famfo ya daina ɗiga?

Mai tambaya, Badariya, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu sanin aikin ruwa. An ɗora mana tankin roba mai lita 2,000 a kan ƙarfe, tsayinsa kamar mita 5 daga ƙasa, inji ne ke cika shi daga rijiya. Yau sati biyu ke nan wuri uku na ɗiga. Na farko bakin tankin, inda makullin ruwa na tagulla mai inci 1 ya haɗu da soket ɗin roba. Na biyu kan famfon tsakar gida mai rabin inci, daidai inda ya shiga bango, har bangon ya fara naso. Na uku 'yar mesar nan mai lanƙwasuwa da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu.

Na je shago na tarar da tef iri uku: ƙaramin fari siriri, wani fari mai faɗi da kauri, sai wani ruwan ɗorawa. Mai shagon ya ce duk ɗaya ne, kuɗi kawai ya raba su. Wanne zan saya? Sau nawa ake naɗawa? In na shafa gam ɗin fayif a kai zai ƙara riƙewa? Allah ya saka da alheri.

Mai aikin famfo, Argungu

Wa'alaikumus salam Malam. Ba ɗaya ba ne. Abin da aka yi su da shi ne ɗaya, wato robar da ake kira PTFE, wadda aka fi sani da Teflon, amma kauri da cikar jiki sun bambanta, kuma nan aikin yake. Tef ɗin nan ba ya manne komai. Aiki biyu yake yi: yana cike 'yar tazarar da ke tsakanin haƙoran namiji da na mace, kuma santsinsa na sa haƙoran su shige sosai ba tare da sun ci juna ba.

Ka juya faifan ka karanta lambobin da ke jikinsa. Za ka ga abu kamar 12mm x 0.075mm x 10m. Ta farko faɗi ce, ta biyu kauri, ta uku tsawo. Ta tsakiyar nan ita za ka fi sa wa ido. Mai 0.075 shi ne siririn da ya cika kasuwa, sai mai 0.1, sai mai 0.2 wanda ya kusa ninka siririn sau uku. Idan babu rubutu, ko ba ka yarda da shi ba, warware kamar tsawon yatsa ka ɗaga shi ga haske. Wanda kake hango yatsanka ta cikinsa, kuma da ka ja shi sai ya tsuke ya koma kamar zaren ɗinki, wannan ba shi da jiki. Mai kyau yana miƙewa kaɗan, faɗinsa na nan, sannan ya tsinke.

Ga famfon rabin inci ka ɗauki mai faɗin 12mm, kauri 0.1. Ga inci 1 ka ɗauki mai faɗin 19mm, kauri 0.1 ko 0.2, don mai ƙaramin faɗi ba ya rufe haƙoran inci 1 a naɗi ɗaya, sai ka yi ta kai da kawo yana cukurkuɗewa.

Gam kuwa kada ka kusantar da shi. Gam ɗin fayif narkar da fuskar robar PVC yake yi ta haɗe da 'yar'uwarta. Ba ya kama tagulla, ba ya kama tef, kuma in ya shiga haƙoran soket ɗin roba ya lalata su, ranar da ka so kwancewa sai dai zarto.

Mai aikin famfo, Jega

Ƙari a kan abin da Oga na Argungu ya faɗa, yawancin ɗigar kan famfo daga hannun mai naɗi take. Ka kulle ruwa, ka kwance famfon, ka cire tsohon tef kakaf, har wanda ya maƙale a cikin soket ɗin bango. Tsinken sakace da tsohon buroshin haƙori sun isa. Ka goge ya bushe.

Riƙe famfon da hannun hagu, bakin haƙoran na kallonka. Naɗin ya bi yadda hannun agogo ke tafiya. Dalili: haka ƙarshen tef ɗin zai kwanta ya bi hanyar ɗauri. In ka naɗa a juye, soket ɗin zai tarar da bakin tef ɗin ya turo shi, ya tattare a waje kamar hannun riga, haƙoran ciki kuma su shiga tsirara. Ka bar haƙori na farko a buɗe, ka fara daga na biyu. Wanda ya leƙa gaba da baki yankewa yake yi ya bi ruwa, shi ne farin zaren da ake tararwa ya toshe kan shawa ko ya hana makullin tankin masai rufewa. Ka ja shi da ɗan ƙarfi, a shimfiɗe, ba a murɗe ba, har ka ga shatin haƙoran ya fito ta jikinsa. In ka gama ka tsinke, ka bi da babban yatsa ka danne. Naɗi 4 ya wadatar.

Mai aikin famfo, Gusau

Oga na Jega, a yi mini afuwa, naɗi 4 ba zai tsayar da kan famfon bango ba in siririn tef ne. Wannan lissafin na haƙora masu tsukewa ne. Iri biyu muke da su a ma'aunin Ingila da ake kira BSP, wanda shi ne a yawancin kayanmu. Akwai wanda bakinsa ya fi gindinsa ƙanƙanta kaɗan, irin na fayif ɗin ƙarfe da aka yanka wa haƙora. Yana shiga yana matsewa da kansa, tef taimako kawai yake yi. Akwai kuma miƙaƙƙe, baki da gindi kauri ɗaya, irin na yawancin kan famfo. Shi wannan in ka sa shi a soket babu tef zai shige har ƙarshe yana girgiɗi. To a nan tef ne kaɗai ke tsare ruwa, dole ya yi jiki.

Malam mai tambaya, gwada shi da kanka kafin ka naɗa komai. Ɗaura famfon da hannu, busasshe. In ya cije bayan juyi 3 ko 4, mai tsukewa ne: naɗi 3 zuwa 5 na mai kauri. In ya tafi salin-alin har gindi, miƙaƙƙe ne: mai 0.1 zai ci kamar naɗi 8 zuwa 12, siriri ya kan kai 15 zuwa 20. Kuma ka tara naɗin ya fi yawa ta wajen gindi, baki ya zama sirara, yadda kai da kanka ka yi masa tsukewar da ba shi da ita. Hannunka ne alƙali: juyi biyu na farko su tafi da sauƙi, daga nan ka ji yana ƙara nauyi har ka nemi sifana. In ya shige ba ka ji nauyi ba, tef ya yi kaɗan. In ya ƙi kamawa tun farko, ya yi yawa.

Mai aikin famfo, Jega

Gaskiyarka Oga, na yi magana ne a kan mai tsukewa.

Injiniyar ruwa, Gusau

Malam, ɗigarka ta uku ba ta buƙatar tef ko kaɗan. Kwance goron mesar ka leƙa ciki, za ka ga baƙin zoben roba. Shi ke tsare ruwa, haƙoran matsa shi kawai suke yi a kan bakin ƙarfen. In aka naɗa tef a wurin, goron ya kan cije kafin ya kai ga danne zoben, sai ka ji ya ɗauru tam amma ruwa na bi. Cire tef ɗin, duba zoben. In ya tsage, ko ya baje, ko ya faɗi tun wajen ɗauri, sa sabo na rabin inci. Ɗaura da hannu, ka ƙara kwatan juyi da sifana, shi ke nan. In kuma daga jikin saƙar mesar ruwan ke fitowa, ko daga inda aka matse ta da goron, sabuwa za ka saya.

Haka dokar take ga duk haɗin da ke da zoben roba ko mazaunin da aka goge: mesar shawa, mesar injin wanki, goron tsakiya na yuniyan (mahaɗin fayif biyu da ake iya kwancewa), da goron da ke matse zoben tagulla a jikin fayif. Kafin ka ɗauki tef ka tambayi kanka, a ina ruwan ke tsayawa a wannan haɗin, a haƙora ko a roba?

Bakin tankin ne ya fi damuna. Wanne ne namiji, tagullar ko robar?

Mai tambaya

Ranki ya daɗe, na hau na duba. Akwai ɗan guntun tagulla mai haƙora da ya fito daga makullin ya shiga cikin soket ɗin roba. An cika shi da tef har ya yi tudu a waje.

Injiniyar ruwa, Gusau

Abin da nake tsoro ke nan. Namijin ƙarfe a cikin macen roba kamar tsinke ne a ɓawon rake: yana shiga yana buɗa ta. A ƙara masa tef mai yawa, ga santsi da ke hana hannu jin ya isa, sai soket ɗin ya tsage. Tsagar ta kan yi siririya kamar gashi, a tsaye, sau da yawa a kan layin da ke jikin robar tun daga masana'anta. Goge wurin ya bushe, haska tocila, ka bi da farce. In ka same ta, kada ka ɓata tef, soket ɗin ya mutu.

Wurin sauyawa ka juya tsarin: robar ta zama namiji, ta shiga macen tagulla ta makullin, don roba ta fi jure matsi a kan buɗawa. Ko ka sayi soket mai zoben tagulla a cikinsa, irin na fayif ɗin PPR. A haƙoran roba naɗi 3 ko 4 na mai 0.1, ɗauri da hannu, sannan juyi 1 zuwa 2 da sifana, kada ka wuce.

Ka duba abu biyu kuma. Bakin da ya ratsa jikin tankin da zoben roba yake riƙe ruwa, ba da tef ba. In wajen ɗaura makullin an bar shi ya juya, ruwa zai biyo ta bayansa ya sauko ka ɗauka haƙora ne. Sannan nauyi. Makullin inci 1 da fayif ɗin da ya sauko mita 5 bai kamata su rataya a wuyan tanki ba. A ɗaure fayif ɗin a jikin ƙarfen. Zafin ranar Maris da Afrilu a Kebbi ya kan haura digiri 40, roba na miƙewa da rana ta koma da dare fiye da yadda tagulla ke yi, haɗin da ke ɗauke da kaya shi ke fara saki. Shi kansa tef ɗin zafi ba ya damunsa, PTFE na jure har wajen digiri 260, shi ya sa ake sa shi a na'urar dafa ruwan wanka. Ƙarfin ruwanka ma kaɗan ne: kowace mita 10 ta tsayi na ba da kamar bar 1 a ma'aunin ƙarfin ruwa, kenan a ƙasa kana da wajen rabin bar, a bakin tanki kuwa ko kwatan bar babu. Haɗin da ke ɗiga a wannan ƙarfin, akwai abin da ya lalace a cikinsa.

Mai sayar da kayan famfo, Kamba

Game da ruwan ɗorawan, Alhaji. A tsarin Amurka fari na ruwa ne, ruwan ɗorawa na gas, ruwan hoda mai kauri na manyan layukan ruwa, kore na iskar oksijin. Amma ba kowace masana'anta ke bin wannan ba, wani faifan ne kawai ke da launi, tef ɗin ciki siriri ne fari. Lamba za ka bi. Na gas na gaske yana da cikar jiki, in ka sa shi a ruwa babu laifi. Siririn fari ne ba a kai shi layin gas. Kan tukunyar gas ta girki kuwa da roba yake kamawa, in yana fitar da wari a sauya robar ko kan, kada a naɗa masa komai.

Kayan da ke shigowa ta Nijar da Benin za ka ga an rubuta 15/21, 20/27, 26/34. Lissafin Faransa ne na rabin inci, inci uku bisa huɗu, da inci 1, haƙoransu ɗaya da namu. Wanda zai wahalar da kai shi ne mai rubutun NPT, na Amurka. A inci 1 yana da haƙora 11 da rabi a kowane inci, namu 11, kwanar haƙorin ma digiri 60 ce, tamu 55. Zai kama juyi biyu ya cije a karkace, tef ba ya gyara wannan.

Mai gyaran injin ruwa, Yauri

Tunda kana da inji, ka ba haɗin da ke gefen zuƙo ruwa tef mai kauri. Can ba ɗiga za ka gani ba, iska yake sha, sai inji ya yi ta kuka ba ya kawo ruwa, kullum sai an yi masa ɗura.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai. Soket ɗin tanki a tsage yake kamar yadda Hajiya ta ce, mesar kuma babu zobe a ciki sam. Saura kan famfon: na naɗa 10, ya ɗauru, amma bakinsa na kallon gefe. In na dawo da shi baya kaɗan ya miƙe?

Mai aikin famfo, Gusau

A'a Malam, kada ka dawo da shi. Tef ba ya komawa yadda yake bayan an matse shi, ko kwatan juyi ka sassauta ka buɗe wa ruwa hanya. In saura kaɗan ya miƙe kuma bai cije ƙam ba, ci gaba da shi a hankali, ka sa tsumma tsakanin sifana da jikin famfon. In ya riga ya wuce, kwance shi gaba ɗaya, cire tef ɗin, naɗa sabo ka ƙara 2 a kai, wato 12, yadda zai cije da wuri. Wannan karon ƙirga juyin, kuma da ka ji ya yi nauyi ka tsaya a karo na farko da bakin ya kalli ƙasa.

Buɗe ruwa a hankali, goge wurin ya bushe, ka naɗa masa takardar goge hannu ka bar ta minti 30 famfon na rufe. Ka sake sa wata da dare bayan tanki ya cika, ka duba ta da asuba. Kada ka shafe ramin bangon da siminti sai takardar ta kwana a bushe.