Muhawara: Shin GTA V ya cancanci mutum ya zauna ya buga shi?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum. Na sayi na'urar wasan bidiyo ta PS4 ta hannu, mai shagon ya ce in yi ciko ya haɗa mini da faifan gem ɗin GTA V (Grand Theft Auto V), wai wanda bai buga shi ba bai san gem ba. Ni ƙwallo kawai na sani. Kuma ɗaki ɗaya muke kwana da ƙanina mai shekara 12. Ku da kuka buga, ya cancanta?

Mai Gidan Gem: Wa alaikumus salam. Karɓo shi ƙanina. Ranar 17 ga Satumba 2013 ya fito, cikin kwana uku ya yi cinikin dala biliyan ɗaya. Yanzu an sayar da fiye da kwafi miliyan 200. Daga PS3 ya ratso PS4 har PS5, kuma har gobe ana saye.

Malama: Yawan masu saye bai isa hujja ba, taba ma ana sayen ta. Juya bayan faifan ka duba. A Turai lamba 18 aka buga masa, a Amurka kuma sai ɗan shekara 17 zuwa sama. A ƙasashen da aka ƙera shi ma ba a yarda na yara ba ne.

Injiniya: Malama, kin yi gaskiya a batun yara, amma tambayarsa a kan kansa ce. Ni na buga labarin tun daga farko har ƙarshe, kuma aikin da aka zuba a ciki ya burge ni matuƙa. Rockstar North da ke Edinbura a Sikotilan sun ɗauko fasalin Los Anjalis suka gina wani birni mai suna Los Santos, da cunkoson motocinsa, da unguwannin masu kuɗi a kan tudu, da na talakawa a kudu. Kana fita gari sai hamada da duwatsu da teku. Mutum uku kake sarrafawa: Michael, tsohon ɗan fashi da ya tara dukiya gidansa kuma ya watse, Franklin, matashin da ke neman hanyar fita daga unguwarsu, sai Trevor, wanda babu imani a ransa ko kaɗan. Kana tsakiyar aiki sai ka sauya daga wannan ka koma wancan. A fashin shagon gwal, kai za ka zaɓi ko a shiga da ƙarfin bindiga ko a saka hayaƙin barci ta rufin ginin, kai za ka ɗauki direba da mai kutsen kwamfuta, in ka ɗauki mai araha aikin ya iya lalacewa. In ka gaji ka hau keke, ka buga tanis, ko ka hau Dutsen Chiliad ka diro da lema. Babu wanda ya tilasta maka taka mutane da mota.

Malama: To nan nake jiranka, Injiniya. Ka ce babu tilas. Akwai mishan ɗin da jami'an gwamnati suka miƙa wa Trevor wani mutum a ɗaure a kujera. Kai mai riƙe da hannun gem kai za ka zaɓi abin azabtar da shi: filaya ta cire haƙori, ko wutar batir, ko sifana, ko a zuba masa ruwa a fuska. Labarin ba ya ci gaba sai an bi ta nan. Na ga ɗan yayata yana yi, mutumin yana kuka yana roƙo, yatsun yaron suna ta danna maɓalli. Wannan hoton bai bar raina ba har yau.

Injiniya: Ba zan musa ba. Wurin ya dame ni ni ma. Manufarsu sukar yadda Amurka ta riƙa azabtar da waɗanda take tsare da su, don bayan an gama Trevor da bakinsa yana nuna azabar ba ta amfana komai ba wajen samun bayani.

Malama: Babba ne zai tsinci wannan saƙon, shi ma sai yana jin Turanci sosai. Yaro filayar kawai ya gani.

Baban Yara: Ku bari in sa baki. Masu cewa gem na mayar da yaro ɗan ta'adda sun wuce gona da iri. A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara irin waɗannan wasanni, kuma ta ce binciken da aka gabatar mata bai tabbatar da cewa wasan ne ke jawo ta'asa ba. Mu da muka taso da tsohon GTA mai suna San Andreas na 2004 a PS2, muna yawo da jaruminsa CJ a kan keke, ga mu nan lafiya lau. Damuwata daban ce: kunya. Akwai gidan rawar tsiraici a cikin gem ɗin, akwai ɗaukar karuwai a mota, ashar kuwa kusan kowace jimla. A Disamba 2014 shagunan Target da Kmart na Ostareliya sun janye shi daga kantunansu saboda koken da aka yi kan yadda ake cin zarafin mata a ciki. Abin da ba zan iya kunnawa gaban mahaifiyata ba, ina jin nauyin ajiye shi a gidana.

Mai Gidan Gem: Yaya, gaskiya ɗaya ce. Yaran da ke zuwa wurina ba ruwansu da labari. Lambobin sirri suke haddacewa, su cika makamai, su tara taurari biyar na alamar girman laifi, 'yan sanda su biyo su da jirage. Shi ne daɗin a wajensu. Shi ya sa na cire shi daga talabijin ɗin gaba, sai manya ke bugawa bayan isha'i. Na yi asarar ciniki, amma iyayensu maƙwabtana ne.

Sabon Shiga: To na intanet ɗin fa? An ce ya fi daɗi.

Injiniya: Wannan kam ka bar shi. GTA Online yana cin data da lokaci, a PS4 sai ka biya kuɗin rajistar PlayStation Plus ta buga gem a intanet, kuma an tsara shi yadda za ka ji sha'awar sayen kuɗin cikin gem da kuɗinka na gaske. A 2019 ma suka buɗe gidan caca a ciki. Ni labarin kawai nake karewa, ga baligi mai hankalinsa, shi kaɗai a ɗaki.

Malama: Shi kuma ba shi kaɗai ba ne a ɗakin. Ƙanina, ko ka kulle na'urar da lambar sirri, yaron yana kan katifa yana kallon allon da kake kallo. Yaya za ka yi da idonsa?

Sabon Shiga: Ban yi wannan tunanin ba, Anti. Gobe zan koma wurin mai shagon ya musanya mini da na tseren mota. Injiniya, in na samu hutu zan zo gidanka in ga birnin nan da idona, amma ban da mishan ɗin kujera.

Injiniya: Ka zo ranar Asabar bayan la'asar, in sha Allah. Za mu fara da hawa dutsen.