Al'adata ta ɗauke bayan na rage cin abinci, wa ta taɓa shiga wannan?

Maman Ilham, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku kafin bikin ƙanwata na sha alwashin sai na rage teɓa. Na daina karyawa, da rana shayin rage ƙiba, da dare kokwamba da dafaffen ƙwai ɗaya. Ga shi tun asuba nake fita kasuwar Mile 12, gosulo ba ya sake ni sai bayan isha'i. Na zubar da kilo 11, sai al'ada ta ɗauke, yau wata huɗu ke nan. Sau uku ina gwajin ciki, babu. Muna neman haihuwa ta biyu, wallahi ko barci ba na iya yi.

Anti Nas, Idi-Araba:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ni ma ya same ni lokacin da nake makarantar koyon jinya, ga karatu ga rashin ci. Kitsen jiki yana fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda aka gano a Amurka a 1994. Shi ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin cewa akwai ajiya a jiki. Tumbi kuma idan babu komai a cikinsa yana sakin girelin, mai sa jin yunwa, shi a Japan aka gano shi a 1999. Idan leftin ya yi ƙasa, girelin ya yi sama na tsawon lokaci, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ake yi, ta rage umarnin da take aika wa ma'ajiyar ƙwai. Ƙwai ba ya nuna, ba ya fita, jini kuma ya tsaya. Ki koma cin abinci sau uku, amma ki je a auna miki jini, domin matsalar maƙoƙo ko yawan sinadarin nono, furolaktin, su ma suna ɗauke al'ada.

Ummu Sadik, Obalende:
Tawa akasin taki ce. Ƙiba ce ta yi mini yawa, al'ada sai bayan wata biyu ko uku, ga gashi a haɓa da nake tsigewa a ɓoye. Shekara huɗu dangin miji suna jifa na da habaici. Sikanin da gwajin jini suka nuna PCOS, wato matsalar rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan lokaci. Likita ta ce insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ne ya yi yawa a jinina, yana sa ma'ajiyar ƙwai fitar da sinadarin maza fiye da kima. Ba ta ce in zauna da yunwa ba, ta ce rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyina ya isa. Na bar lemon kwalba, na rage biredin Agege da shayi mai sukari, ina tattaki bayan la'asar, ina shan metformin, maganin da ke taimaka wa insulin yin aiki. Sadik yanzu watansa bakwai, alhamdulillah.

Hajiya Babba, Alaba Rago:
'Ya'yana, ku ja kunnen 'yan matanku kan sha-ka-fashe ma. Jikata ta sha don ta ciko kafin aure, fuska ta kumbura kamar an hura, al'ada ta rikice. Da ƙyar aka janye ta daga shi a hankali a asibiti.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Yau na sha koko da ƙosai kafin in fita, na zubar da sauran shayin rage ƙibar nan. Anti Nas, gwajin jinin da azumi ake zuwa ko zan iya karyawa? Litinin nake son zuwa.