Tambaya: me yasa Faransa ke sa yara cire hijabi a makaranta amma Ingila bata yi?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin siyasa da waɗanda suka zauna a Turai ku taimaka min da bayani. Yayana yana zaune a Faransa shekara kusan ashirin kenan, can ya haifi yaransa duka kuma 'yan ƙasa ne da takardunsu. 'Yarsa ta fari shekararta 14, jiya muna waya take ce min kullum in ta isa ƙofar makaranta sai ta cire ɗankwali ta tura a jaka in an tashi ta mayar, kuma tun 2023 ko abaya ma an hana su. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Gashi inada ƙawa a Ingila tana aikin asibiti da hijabinta, yaranta suna zuwa makaranta da nasu ba wanda ya ce musu kanzil. Duka Turawa ne duka dimokuraɗiyya suke cewa suna yi, to me ya kawo bambancin? Maigidana ya ce ƙin Musulunci ne kawai, yayan nawa kuma ya ce akwai wannan amma akwai yadda suka ɗauki kishin ƙasa da ya bambanta da na Ingila. Ni dai so nake in gane, yarinyar da aka haifa a ƙasa bata san wata ba, sai tayi me kafin a daina mata kallon baƙuwa?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na yi karatu shekara shida a Faransa, maigidanki da yayanki kowa ya riƙo gefe guda na maganar. Abin da suke cewa layisite, wato raba gwamnati da addini, ba don Musulmi aka ƙirƙiro shi ba, rigima ce tsakaninsu da cocin Katolika wanda ya daɗe yana riƙe da makarantu yana kuma goyon bayan sarauta. Tun 1882 zamanin ministan ilimi Jules Ferry suka fidda koyar da addini daga lakwal, wato makarantar boko, ta gwamnati, a 1905 kuma suka yi dokar raba coci da gwamnati. A tunaninsu lakwal ita ce wurin da ake ƙera ɗan ƙasa, yaro ya shigo ya ajiye addininsa da yarensa da ƙabilarsa a bakin ƙofa ya zama Bafaranshe kawai, kowa daidai da kowa gaban doka. Har nasu basu bari ba, mutanen Bretagne da na kudanci an sha hukunta yaransu don sun yi yarensu a aji. Kuma mu a Nijar mun ɗanɗana wannan, ina firamare akwai abin da ake cewa sambol, in ka yi Hausa a aji a rataya maka shi a wuya sai ka kama wani yana yi ka miƙa masa, wanda ya kwana da shi ya sha bulala. Tunani ɗaya ne, wai sai ka zama kamarsu sannan ka zama cikakken mutum.

Maganar ɗankwali ta taso a 1989 a garin Creil da aka kori 'yan mata uku daga aji, aka yi ta ja har zamanin shugaba Chirac ya kafa kwamitin Stasi don nazarin lamarin, a Maris 2004 aka yi dokar hana duk alamar addini da ta fito fili a lakwal ta gwamnati, ɗankwali da hular Yahudawa da babban kuros da rawanin 'yan Sikh. A 2010 aka hana rufe fuska a titi, tarar Yuro 150, kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ma ta goyi bayansu a 2014. Sai abaya da Gabriel Attal ya hana lokacin yana ministan ilimi.

Inda na ke ba maigidanki gaskiya shi ne, a takarda dokar ta kowa ce amma kowa ya san wa aka nufa, Kirista zai iya tura ƙaramin kuros cikin riga ya wuce, ke ɗankwali ina za ki ɓoye shi? Sannan yawancin ranakun hutun ƙasar na Kiristanci ne, gwamnati na biyan albashin malaman makarantun Katolika masu yarjejeniya da ita, a yankin Alsace da Moselle ma har yau gwamnati ke biyan limaman coci da na Yahudawa saboda a 1905 yankin yana hannun Jamus. To in dai gwamnati bata da addini da gaske ya aka yi nauyin duk ya faɗa kan 'yan mata Musulmi? Ga kuma tsohon mikin Aljeriya da bai warke ba, a 2005 da unguwannin bayan Paris suka kama da wuta dokar ta-ɓaci ta 1955 ta zamanin yaƙin Aljeriya aka ɗauko aka yi aiki da ita a kan jikokin mutanen.

Ummu Sadik:
Anti ni ina arewacin Ingila shekara tara, gaskiya ta fuskar sutura da ibada mun fi su sakewa nesa ba kusa ba, a wurin aikina akwai ɗakin sallah, 'yan sanda mata ma akwai masu hijabi cikin kayan sarki. Su nan tunaninsu daban ne, dama ƙasar haɗaka ce ta Ingila da Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa, kuma sarki shi ne shugaban cocin Ingila saboda haka basu taɓa cewa addini ya fita daga idon jama'a ba, sai dai a buɗa wa kowa. Tun 1976 suka yafe wa 'yan Sikh masu rawani sa hular kwano a kan babur. Ko a mulkin mallaka ai kin ga bambancin, a Arewacin Najeriya sarakuna da alƙalai suka bari suna mulki ta hannunsu.

Amma dan Allah kar a ɗauka aljanna ce. Na farko ba wata doka da ta ce dole makaranta ta yarda da kowace irin sutura, kowace makaranta ke tsara yunifom ɗinta, a 2006 wata yarinya a Luton ta kai ƙara kan jilbabi har kotun ƙoli ta lokacin kuma makarantar aka ba gaskiya. Na biyu wannan kowa-ya-zauna-da-al'adarsa yana da nasa ciwon, bayan rikicin Bradford da Oldham da Burnley a 2001 rahoton da gwamnati ta sa aka yi cewa ya yi mutane suna gari ɗaya amma rayuwarsu bata haɗuwa, kuma na gani da idona, akwai unguwar da za ki shekara baki shiga gidan Bature ba shi ma bai shiga naki ba. Cameron da kansa yana firaminista a 2011 ya fito ya ce tsarin ya gaza, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin Merkel ta riga shi faɗin haka a ƙasarta a 2010. Sannan a 2024 bayan kisan yaran nan uku a Southport aka yaɗa ƙarya cewa Musulmi mai neman mafaka ne ya yi, aka far wa masallatai da otal-otal ɗin da aka ajiye 'yan gudun hijira, kwana huɗu ban bar yarana sun leƙa waje ba. A ƙasar da Sadiq Khan ke magajin garin Landan tun 2016 fa. Hijabina ba wanda ya taɓa, amma a satin nan na san akwai masu ganin ba nan ne gidanmu ba ko da fasfo ɗinsu a hannunmu.

Malam na Tudun Wada:
Hajiya tambayarki ta ƙarshe ita ce uwar maganar, kuma a kanta masana suka rabu. Akwai masu cewa ƙasa jini ce da harshe da asali, wannan shi Jamus ta daɗe a kai, shi yasa Turkawan da aka kawo aiki tun yarjejeniyar 1961 'ya'yansu da aka haifa a can suka zauna baƙi har sai da dokar ta canza a 2000. Akwai masu cewa ƙasa yarda ce, Ernest Renan a laccarsa ta 1882 ya kwatanta ta da ƙuri'ar da mutane ke kaɗawa kullum cewa sun amince su zauna tare, Faransa da wannan take tinƙaho. Sai na uku irin su Will Kymlicka da Charles Taylor 'yan Kanada da suka ce ai ba gwamnatin da bata da al'ada, dole ta zaɓi harshen aiki da ranar hutu da tarihin da za a koyar, kuma na masu rinjaye take zaɓa, saboda haka adalci shi ne a sassauta wa marasa rinjaye. Kanada ta ɗauki wannan a hukumance tun 1971, duk da haka lardin Quebec ya yi doka a 2019 da ta hana malaman makarantar gwamnati sa alamar addini. Ni ra'ayin su Kymlicka na fi gamsuwa da shi, don yarinyar da aka tilasta wa zaɓi tsakanin addininta da ajinta ba son ƙasa aka koya mata ba.

Sai dai ina roƙonmu mu duba gida ma. Bahaushen da kakansa aka haifa a Jos har yau ana ce masa ɗan ci-rani a hana shi takardar asalin ƙaramar hukuma, mun san jinin da aka zubar a 2001 da 2008 a kan wannan. Haka Ibo ko Bayarabe da aka haifa a Sabon Gari Kano bai san ko'ina ba sai nan, mu nawa ne muke ɗaukarsa Bakano? A 1980 an ɗauki Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Borno, aka kai shi Chadi wai ba ɗan Najeriya bane sai da kotu ta dawo da shi. Hijabi a makarantun gwamnatin Legas ma sai a 2022 kotun ƙoli ta raba gardama.

Zango Boy:
Malam ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni a Kumasi aka haife ni aka haifi babana, kakana yana cikin waɗanda firaminista Busia ya ba sati biyu su bar Ghana a 1969, ya sayar da gida a wulaƙance ya tafi ya dawo daga baya, a 1983 kuma Najeriya ta kori mutanen Ghana lokacin Shagari. Har yau in na je neman takarda da sunana sai an tambaye ni garin kakannina, alhali Twi ɗina ya fi Hausata.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na tura wa maigidan duka ya karanta. Malam maganar Sabon Gari ta shige ni, don inada maƙwabciya a kasuwa da aka haifa a nan kuma ban taɓa kiranta 'yar gari ba. Ɗan Damagaram dan Allah in yarinyar ta shiga jami'a haka za ta ci gaba da cirewa?

Ɗan Damagaram:
A'a Hajiya, dokar 2004 ta tsaya ne a firamare da kolej da lise (wato sakandare) na gwamnati, a jami'a ɗaliba na sa ɗankwalinta, na zauna aji da su da yawa. Makarantun kuɗi ma dokar bata hau kansu ba, shi yasa za ki ga wasu iyaye Musulmi suna kai 'ya'yansu makarantar Katolika don wasu daga cikinsu na barin ɗankwali. Inda zai sake tare ta shi ne aiki, in ta zama ma'aikaciyar gwamnati, malamar lakwal ko likita a asibitin gwamnati, ba za ta sa shi a bakin aiki ba, gara yayanki ya faɗa mata wannan tun yanzu kafin ta zaɓi abin da za ta karanta.