Tambaya kan jijiyoyin jinin bayan gwiwa

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa ɗalibai. Karatun tsarin jiki ya kawo ni ramin bayan gwiwa, na kuma maƙale.

Jerin daga fata zuwa ƙashi ya zauna min. Jijiyar laka, wato mai kai saƙon ji da motsi, ce a sama, sai jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai wadda ke kawo jini daga cinya can ƙasa, manne da ƙashi. Shi ya sa bugunta ke wuyar ji sai an lanƙwasa gwiwa an danna da ƙarfi.

Inda kaina ya ɗaure shi ne rassa 5 da jijiyar nan mai kawo jini take fitarwa kewayen gwiwa: 2 a sama, 2 a ƙasa, 1 a tsakiya mai shiga cikin gaɓar. Na sama da na ƙasa suna haɗuwa da rassan da ke saukowa daga cinya da masu haurowa daga ƙwauri, su zama hanyar ratse. To in akwai wannan hanya, me ya sa idan gwiwa ta goce babbar jijiyar ta tsage, ƙafa kan rasa jini cikin 'yan awoyi, har ta kai ga yankewa? Amma mai toshewar da ta zo a hankali yakan yi shekaru yana tafiya, sai dai ciwon sharaɓa.

Zatona rassan sirara ne, sai da lokaci suke buɗewa. Ko kuwa su ma suna tsagewa ne tare da ita? Don Allah wanda ya sani ya warware min.